Ni Na Kori Marigayi

'Ya'yana, ban haife ku ba tukuna, ko ubanku ban san a wane lungu yake yawo ba, amma gara in rubuta muku wannan tun ina da sauran hankali. Shekarata goma sha bakwai, kuma a gidanmu wannan tsufa ne, domin na ga abin da ya isa ya sa wa jariri furfura. In kun taso a Bololo, unguwarmu a nan Njamena, za ku ji mata a bakin famfo suna cewa kakanku ya bar uwarsa da matarsa da 'yarsa ya bi fim. Kada ku yarda. Ni na kore shi, da bakina, da rana tsaka, kuma ga yadda aka yi.

Sunan kakanku Haruna, amma in kun tambayi Haruna a unguwa za a nuna muku mai facin taya. Ku ce Marigayi, ko yaron goye zai kai ku ƙofar gidanmu. Sana'arsa mutuwa. Tun ina ƙarama yana cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke wasa a wani fili a unguwar Klemat, da Larabcin garin nan, wani lokaci da Faransanci, kuma in akwai wanda zai mutu a labarin ba a ma tsayawa shawara. An harbe shi, an zuba masa guba a shayi, kada ya ja shi cikin kogi, bango ya danne shi. Ya iya mutuwar mai kuɗi, wadda wasiyya ba ta ƙarewa, ya iya ta talaka, wanda ke tafiya shiru kamar yana jin kunyar damun mutane. Mata su yi ta kuka suna share hanci da gefen lafaya. Ni kuwa ina gaba a kan tabarma ina cin gyaɗa, domin na san sirrin: in an gama, matattu duka sukan tashi, su karkaɗe riga, su jeru su gaida jama'a. Sai ya ɗora ni a wuyansa, jinin ƙarya da aka haɗa da karkanji, wato zoɓo, yana bushewa a ƙirjinsa, mu taho gida a ƙasa. Ina riƙe da kunnuwansa. In na murɗa na dama ya yi muryar tsohuwa, in na murɗa na hagu ya yi ta soja. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da nisa ba sai da na fara bin ta da ƙafafuna.

Mu asalinmu mutanen hanya ne. Kakan kakata ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya tsaya shan ruwa a bakin kogin Shari, har yau zuriyarsa ba ta gama sha ba. Saboda haka kakata Hajja, uwar Abbana, ta ɗauki yamma a matsayin baya. Ranar da aka kira Abba Kano ya yi fim, ta ce:

"Auta, mu gabas muka nufa. Wanda ya juya yamma ya ɓata wa kakanninsa tafiya."

Ya ce zai je ya dawo bayan Sallah. Bai faɗi wace Sallar ba. Hajja ta rantse ba za ta ƙetare gadar kan iyaka ta koma inda aka fito ba, Inna ba za ta bar surukarta ita kaɗai ba, ni kuma karatuna na Faransanci ne. Haka muka zauna, mata uku da akuya ɗaya, shi kuma yana can yana mutuwa a gaban kyamara. Yakan zo, ya yi 'yan kwanaki, kafin in gama ba shi labarin wata ɗaya ya ɗaure jaka.

A Kano ya ƙara sana'a ta biyu, fassarar finafinan Indiya, inda mutum ɗaya ke yin muryar kowa. Na taɓa kallon wani fim a wayar Inna inda Abba ya nemi auren Abba, Abba ya hana, Abba ya yi kuka, sannan Abba ya zo da 'yan sanda. Ƙawayena suna kallo don rawa da faɗa. Ni rufe ido nake yi. Kafin ya fara doguwar magana yakan ja numfashi ta hanci, ɗan gajere, kamar mai shaƙar ƙamshin miya. Wannan numfashin ba na Ba'indiye ba ne, na Abbana ne, kuma shi nake jira. Nakan mayar da fim baya in sake jin sa har wayar ta yi zafi, Inna ta ƙwace abinta.

Shekarar da nake son ba ku labari ta fara ne da zaman makoki. Na dawo daga lise, wato makarantar sakandare, da azahar, na tarar da takalma a ƙofar gidanmu sun fi na masallacin Juma'a. An shimfiɗa tabarmi har waje. Wata ta kawo shinkafa, wata sukari, an riga an hura wuta. Iya Kaltuma maƙwabciyarmu, wadda labari ke isa gare ta kafin ya faru, ta rungume ni har na ji ƙashina ya yi ƙara.

"Sai haƙuri, Zulai. Duk mai rai mamaci ne."

Ta nuna mini wayarta. Wani ne ya yanko ɗan guntu daga sabon fim ya watsa, ba suna, ba kiɗa, ba komai. Ga Abba a cikin likkafani, auduga a hanci, maza sun ɗauki makara suna salati. Na fashe da dariya har na zauna a ƙasa.

"Iya, fim ne. Wannan mutumin ya fi kaza mutuwa."

"To kira shi mu ji," in ji ta.

Na kira, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Inna tana ɗaki ta kifa kai a gwiwa. Hajja tana zaune a tsakar gida, carbi a hannu amma ba ta ja, idonta a kan ƙofa. Na yi ta yi wa mata bayani, ina nuna musu yadda hasken ya yi kyau fiye da na jana'izar gaske, ina dariya, ina kira. Can sai na lura dariyar ta ƙare, kiran kawai ya rage. A filin Klemat na san lokacin da matattu ke tashi. A cikin wayar nan guntun yakan ƙare ne ya sake farawa, su sake ɗaukar sa, su sake tafiya da shi. Kafin la'asar ni ma na shiga cikin masu kuka, kuma in gaya muku gaskiya na fi kowa murya.

Wayar ta shiga dab da magariba. Yana ɗakin ɗaukar murya tun safe, shi ya sa ya kashe. Hajja ta karɓa da hannu biyu.

"Auta, kai ne, ko muryarka ce?"

"Ni ne, Hajja. Lafiya?"

"Faɗi abin da na dafa ranar da ka karya hannu."

"Ba ki dafa komai ba. Dukana kika yi."

Ta miƙa mini wayar, ta ce shi ne. Mata suka yi hamdala, kuma tun da an riga an dafa shinkafar, suka zauna suka cinye sadakar mutumin da ke da rai. Iya Kaltuma har da ƙullawa a leda. Amma Hajja ba ta tashi daga wannan zaman da ƙafafunta ba, sai da aka ɗaga ta. Ta kwanta jinya, kuma kafin mako ya zagayo Abba ya sauka daga kan kilando, wato acaɓa, a ƙofar gida da jakarsa. Yara suka bi layi suna shelar Marigayi ya dawo.

Ban yi masa sannu da zuwa ba. Na bar shi ya ga uwarsa, ya ci abinci, sannan na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu.

"Abba, na yi maka kuka na gaske. Ka san tsadarsa?"

"Na ji labari. An ce har Farsha, can ƙarshen gari, an ji ki, shanu sun firgita."

"Ba wasa nake ba."

Ya dube ni, ya ga ba wasan nake ba. Ya ajiye kofin shayi, ya ɗora hannu a kaina.

"Na yi miki alkawari, uwata. Ba zan ƙara ƙetare gadar nan ba sai ranar da kika ce in tafi."

Na ce a raina, to ka zauna ke nan har tashin duniya.

Watannin farko, 'ya'yana, ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Gidanmu ya cika kamar an ƙara mutum ashirin. Da safe limami ne ke tashe ni, in na buɗe ido in ga Abba. In na ƙi wanke kwanuka sai in ji muryar shugabar makarantarmu daga bayan ƙofa. Ya kwaikwayi Iya Kaltuma har Iya Kaltuma ta leƙo ta katanga ta tambayi wa ke gulma da bakinta. Hajja ta warware, ta koma zaginmu, alamar lafiya ke nan. Inna ta fara sa turare ba ranar Juma'a ba. Ni kuma na gama ba shi labaran da na tara, har na fara ƙirƙiro sababbi don kada ya tashi daga tabarma.

Aiki ne ya yi wuya. Ƙungiyarsu ta Klemat ta watse, wani ya zama direba, wani ya buɗe shago, filin ma an gina. Ni na ji a wani gidan rediyo ana neman mai murya, ni na ja shi har can. Suka ɗauke shi ya riƙa yin sauro a cikin sanarwar gidan sauro. Aikinsa ya yi kukan sauro, ya yi fahariya cewa yau zai sha jinin yara, sannan a sauke gidan sauro ya yi ihu ya faɗi.

"Ko a rediyo ma mutuwa kake yi," in ji Inna.

"Wanda ya iya abu ba ya ɓuya," in ji shi.

Muka yi dariya. Amma ana sa sanarwar safe da yamma, yara suka daina ce masa Marigayi suka koma Sauro. In ya wuce sai su yi ta zuuu a bayansa. Yakan juyo ya yi musu sauron su watse da murna, sannan ya shigo gida ya zauna ƙarƙashin dalbejiya. A hankali muryoyin gidanmu suka fara raguwa. Soja ya tafi, tsohuwa ta tafi, limami ya daina tashe ni. Aka bar mu da mutum ɗaya mai sannu da aiki, mai Allah ya yi albarka, wanda ke cin tuwo ba ya cewa ya yi gishiri ko bai yi ba. Na ga haka sarai. Na ce wa kaina zafi ne, ai zafin Njamena ko ƙadangare yakan yi shiru.

Wata rana muna tsince shinkafa ni da Inna, wayarsa ta yi ta ruri a ɗaki, ya duba, ya kife ta. Inna ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Mutanen Kano ne. Tun watan jiya suke nema."

"Wa zai mutu kuma?"

"Ba kowa. Dogon shiri ne, mai zuwa kashi-kashi. Uban gida suke so ya fito, daga farko har ƙarshe. Mai shirin ya ce ya gaji da binne mutumin da ya fi kowa iya wasa."

"Me Abba ya ce?"

"Ya ce yana da alkawari."

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Ba ta ce in yi komai ba. Da ta ce, da na sami abin yi wa gardama, kuma gardama ita ce sana'ata.

Kwana biyu bayan haka aka sallame mu da wuri daga makaranta. Na shigo ba sallama, don ina son in tsorata Hajja. Gidan shiru, kowa na barcin rana. Sai na ji magana a bayan ɗakin girki, inda muke ɗaure akuya. Na leƙa. Abba ne zaune a kan turmin da aka kife, ya gyara zama kamar mai gida a zaurensa, yana yi wa akuya faɗa a kan ta dawo gida a makare. Ya yi fushi, ya sauko, ya yi mata nasiha, ya yi wata dariya mai nauyi da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Sai ya tsaya, ya girgiza kai, ya sake dariyar ta wata hanya. Ya sake. Mutumin da ya san mutuwa iri ɗari yana koyon yadda ake zama a raye a gaban mutane, kuma ba mai kallonsa sai akuya, ita ma hankalinta na kan ɓawon kankana. Kafin kowace magana yana jan numfashin nan ta hanci. Sai a lokacin na tuna rabon da in ji shi tun watannin farko.

Na koma da baya a hankali, na fita waje, na sake shigowa da sallama mai ƙarfi.

Ban yanke shawara a ranar ba, kada in yi muku ƙarya. Na yi kwanaki ina jin haushin kowa. Na ji haushin Kano, na ji haushin akuya. Na je wurin Hajja ina neman mai goya mini baya, tunda ita ce shugabar masu ƙin yamma.

"Hajja, in ya tafi za ki sake kwanciya."

"Ke bakin rediyo, ni na haife shi," in ji ta. "Wancan karon hoto na gani na ɗauka gawa ce. Yanzu kullum ina ganin sa a ƙarƙashin bishiyar can, kuma ban fi samun barci ba. Amma ba ni ya yi wa alkawari ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin abinci, na shirya fuskata kamar yadda na ga yana yi. Na tsuke baki, na ɗaga gira.

"Abba, gaskiya mun gaji da kai."

Inna ta tsaya da loma a hannu.

"Ka cika mana gida. Mutum ba ya iya waya da ƙawayensa. Ana ce mini 'yar Sauro a lise, darajata ta zube. Gara 'yar Marigayi sau dubu. Ka tafi Kano ka yi musu uban gidan nan, mu huta."

Abba ya ture kwanonsa gefe.

"Kin ce in tafi?"

"Na ce. In kana so in rubuta da Faransanci."

"Ba Sallah ɗaya ba ce, Zulai. Irin wannan shirin yakan ɗauki shekaru."

"Ya ɗauki ɗari. A kawo mini takalmi kawai, mai tsini."

Na ci gaba da cin abinci, har na ƙara, don a ga ba abin da ya dame ni. Shinkafar nan kamar yashi nake haɗiya. A cikin kwanakin shirinsa na zama abin kallo. Ni na wanke masa kaya ina waƙa, ni na gaya wa Iya Kaltuma, wato na gaya wa duniya. Da mata suka fara cewa ya sake gudu, ban gyara musu ba, domin in na buɗe baki a kan gaskiyar maganar ban san abin da zai fito ba.

Hajja ta yi masa addu'a daga kan tabarmarta, fuskarta a gabas. Inna ta tsaya a zaure. Ni na raka shi har bakin gadar Ngeli, inda ake ƙetarawa Kusuri a kama hanyar Najeriya. Rana ta take, ga manyan motoci, ga masu kilando, ga mata da kaya a ka, kowa na ture kowa. Ban bar bakina ya huta ba. Na ce kada ya manta takalmin. Na ce in an ba shi 'ya a cikin shirin ya tabbata ba ta kai ni kyau ba. Na kwaikwayi saurona na kaina, har wani ɗan sanda ya juyo yana dariya. Na ce yau zan kwana a tabarmarsa in miƙe ƙafa yadda nake so.

Ya saurare ni har na ƙare, jakarsa a kafaɗa. Sannan ya sunkuyo daidai kunnena, ya yi magana da muryar da ba ta kowa ba ce sai tasa.

"Kin yi wasa mai kyau, uwata. Murya ta zauna, fuska ta zauna. Tun ranar Juma'a nake kallo, ban ga inda kika yi tuntuɓe ba. Abu ɗaya zan gyara miki."

"Me?"

"Ɗan wasa yakan manta da hannunsa. In za ki kori mutum, kada ki riƙe masa riga."

Na duba. Gefen rigarsa na cikin hannuna, na naɗe shi a yatsu har ya yamutse, ban san tun yaushe ba. Bai janye ba. Ya tsaya a cikin ranar nan, mutane na bangaje shi ta kowane gefe, yana jira, kuma na san in na ƙara damƙewa zai juya mu koma Bololo tare, ba zai taɓa tayar da maganar ba.

Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa kaina, ya shiga cikin jama'a. Na bi farar hularsa da ido har tsakiyar gada, inda wata motar shanu ta shiga tsakaninmu.